Bututu Na Ashirin Da Huɗu

Zuwa ga 'yata Tsinke,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Ki gaishe min da uwarki, ki ce mata ɗan baffanta yana nan da ransa, ko da yake ta daina tambaya. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwa da ke yi min gardama kowace safiya. Kunne kuwa ya ƙarasa tafiyarsa. Ɗana Babba ya sayo min wata 'yar na'ura ta maƙalawa, na sa ta kwana biyu, na ji duniya ta cika da ƙarar cokula, na mayar masa da kayarsa. Yanzu da littafi nake yawo a aljihu, mai magana da ni ya rubuta. Shi ya sa kika ga takarda maimakon kira.

Za ki ce Kawu bai tuna da ke ba sai da abu ya kai masa iya wuya. Ki faɗa, ba zan musa ba.

Wata biyar ke nan bututun ƙazantar gidan nan yana toshewa. Banɗakin baya ne ke fara gurnani, sai ruwa ya dawo ta ramin wanka, matar Babba ta kwashe yara ta rufe ƙofa. A kira mai gyaran famfo, ya zura sandunansa ya buɗe, bayan sati uku a koma gidan jiya. A zuwansa na huɗu ya tsaya a tsakar gida, maƙwabta biyu suna leƙe ta katanga, jikokina suna tsaye, ya shimfiɗa tafin hannunsa a iska ya nuna shi a kwance, yana girgiza kai. Ban ji abin da ya ce ba, amma na ga yaran sun juyo sun dube ni. Na miƙa wa Babba littafi. Ga abin da ya rubuta, na kwafo miki harafi da harafi: "Baba, ya ce wanda ya shimfiɗa bututun bai ba shi gangara ba. Ƙarshen wata za mu tone duka mu sa na roba."

Wai wanda ya shimfiɗa. Kamar bai san ko wane ne ba.

Tsinke, shekara talatin da takwas ke nan da na shimfiɗa bututun nan da hannuna, tun ɗaki biyu ne kawai a filin. Na gasasshen yumɓu ne, tsawon kowane ƙafa biyu, guda talatin da uku, daga babbar magudanar titi har bayan banɗaki. Da zare da ma'aunin lebur na yi, kowane sai na durƙusa na ga ɗigon iskar da ke cikin ma'aunin ya kauce daidai inda nake so. Na yi wa gidaje sun fi ɗari a garin nan, ba wanda ya taɓa biyo ni da ƙorafi. Yau wani wanda ba a haife shi ba lokacin da nake cikin rami shi zai koya min gangara, a gidana, ɗana yana gyaɗa kai. In aka tone aka zubar, maganarsa ta tabbata ke nan, ko gaskiya ce ko ƙarya, don ba wanda zai auna tarkace.

Na ji an ce aikinku zura kyamara ne cikin bututu. Ban san ko da gaske abin yana gani ba, ni dai ban taɓa jin idon da ke son shiga irin wurin nan ba. Ba roƙonki nake yi ki zo ba. Na san hanya da nisa, kuma kina da shugabanni. Labari kawai nake ba ki, tunda a dangi ke kaɗai ce za ki gane abin da ake nufi da gangara.

Ƙarshen wata saura kwana ashirin da biyu.

Kawunki,
Magini

*

Kawu,

Na gaishe ka da kyau, na kuma gaishe da Yaya Babba da matarsa da yara. Mu duka lafiya. Mama ta ce in gaya maka ba ta daina tambaya ba, kai ne ka daina ji. Gwiwar nan a riƙa sa mata ruwan ɗumi, a kuma rage hawa tsani, don na san ka.

Takardarka ta same ni a wurin aiki, na karanta ta sau biyu a cikin mota. Na yi dariya a wuri ɗaya, na ji haushi a wuri uku. Inda na yi dariya shi ne inda ka ce "na ji an ce". Kawu, ba ji ka yi an ce ba. Ranar da na kawo muku takardar kama aikina, kai ne ka dube ta sama da ƙasa ka ce wa Mama, "An sha karatu an ƙare a leƙen masai." Shekara tara ke nan, ban manta ba, har da hular da ke kanka. Inna, matarka, ita kaɗai ce ta biyo ni bakin ƙofa ta ce, "Rabu da shi, je ki koya da kyau." Na rabu da kai, na kuma koya.

To, mai leƙen masai za ta zo. Na nemi izini, an ba ni mota da kayan aiki ranar Asabar ta sama. Na kira Yaya Babba na ce kada kowa ya taɓa ƙasa kafin in iso.

Bari in gaya maka yadda abin yake, don kada ka tsaya a kaina kana tambaya. Kyamarar ba ta fi ƙwan kaza girma ba, da ƙananan fitilu kewaye da idonta, a bakin wata doguwar waya mai tauri da ke naɗe a ƙarfe mai juyawa. Za mu ɗaga murfin ramin dubawa, mu fara wanke bututun da ruwa mai ƙarfi, sannan in tura ta a hankali. Duk abin da ta gani yana fitowa a allo, kuma a gefen allon akwai lambar da ke ƙirga mita nawa ta shiga. Gangara kuwa ba ta ɓuya. In bututu ya yi ciki, ruwa zai kwanta a wurin, kyamarar ta nutse, allon ya yi duhu. Na ga saiwar itace ta cika bututu kamar gashin da ba a taje ba. Na ga cokali, na ga makulli, na ga haƙoran roba na wani tsoho da iyalinsa suka shekara suna nema a ƙarƙashin gado. Akwai gidan da aka yi niyyar fasa falo gaba ɗaya, na nuna musu tayil biyu kawai za a ɗaga. Ina son aikina, Kawu, kuma na iya shi.

Sai dai abu ɗaya, gara in faɗa tun yanzu. Ni ba lauyarka ba ce. Abin da kyamara ta gani shi zan rubuta, ko ya yi maka daɗi ko bai yi ba. Shekara talatin da takwas ba wasa ba ce, ƙasa tana motsi, kuma kowane hannu yana iya kuskure, har naka.

Taka,
Tsinke

*

Tsinke,

Na gaishe ki. Muna lafiya. Gwiwa ta sha ruwan ɗumi ta ƙi godiya.

"Har naka." Na ga wurin, har na ja masa layi. Ashe ke ma kin gama yanke hukunci tun kafin ki ɗaga murfi, kin bi sahun mai sanduna. Ban nemi lauya ba. Ban taɓa neman wani ya rufa wa aikina asiri ba, ƙasa ce kawai ke rufe shi.

Tunda za ki shiga, ga abin da za ki tarar, don ki san ba a gidan kowa kike ba. Kowane haɗi, bayan na liƙe shi da siminti ta waje, sai na zura hannu har kafaɗa na shafe abin da ya tsattso ta ciki, don kada ya bushe ya zama ƙugiya mai kama tsumma. In na auna na gamsu, sai in tsoma ɗan itace a gwangwanin kwalta in rubuta lambar bututun a ciki, ta sama, inda ruwa ba ya kaiwa. Lambar tana nufin na duba ke nan. Abokan aiki sun sha yi min dariya, wai wa zai karanta, ɓeraye? Na ce musu ni na san tana nan. Kuma ba na barin kowa ya taɓa min wannan aikin, ko ƙanena da muka shekara goma muna shiga rami ɗaya. Innarku, Allah ya jiƙanta, in ta kawo min ruwa bakin rami daga nesa take ajiyewa, wai gudun cizo.

Maganar masai kuwa, na faɗa. Ba na janye magana, balle a takarda.

Ki zo Asabar ɗin. In ba ki same ni ba, ina da uzuri a asibitin kunne.

Magini

*

Kawu,

Gaisuwa a tsaye. A kan murfin akwatin kayana nake rubuta wannan, a tsakar gidanka, direba yana ta yi min hon. Asibitin kunne ba ya buɗewa ranar Asabar, matar Yaya ta gaya min. Na jira ka har rana ta yi sanyi.

Na shiga, na fito. Na ga abin da ke toshe bututun, wuri ɗaya ne tak, a mita goma sha huɗu. Ban gaya wa kowa mene ne ba, na ma juya allon don kada yara su gani, domin magana ce da ya kamata kai ka fara ji, kuma ba a tsakar gida ba. Yaya Babba yana wurin aiki, ta waya na ce masa ya dakatar da masu tono har rahotona ya iso. Zan buga hotuna in aiko maka da cikakken bayani. Akwai kuma abin da zan tambaye ka game da lambobinka.

Tsinke

*

Tsinke,

Bayan gaisuwa, ina fatan kin isa gida lafiya kin sami yara lafiya. Mu nan da sauƙi. Yau kwana goma sha shida, ba rahoto, ba hoto. Na gane shirun. Kina neman yadda za ki gaya wa tsoho ne ba tare da kin karya shi ba. Bari in hutar da ke.

Ban je asibiti ba. A shagon mai gyaran keke na wuni, ina kallon bakin mutane yana motsi.

Na yi lissafi. Mita goma sha huɗu, a bututu mai ƙafa biyu, ya faɗa kan na ashirin da huɗu. Na ɗauko tef ɗin awo na auna daga bakin titi sau uku, ko zai canja, bai canja ba. Kuma na san abin da za ki tambaye ni. Za ki ce me ya sa na ashirin da huɗu ba shi da lamba.

Wata Talata ce, damina ta kusa. Na sa shi a rami, na haɗa bakinsa da na ashirin da uku, ban liƙe ba tukuna, siminti yana kwaɓe a faranti, sai ga saƙo mahaifina ya yanke jiki ya faɗi. Na fito daga ramin ko hannu ban wanke ba. Kwana shida na yi, na dawo bayan mun binne shi. Na tarar an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, an kuma rufe ramin da ƙasa har kusa da bakin na ashirin da huɗu, an toshe bakin da buhu. Innarku ce ta yi, ita kaɗai, da Babba goye a bayanta. Ta ce ta ga hadari ne ta ji tsoron ruwa ya kwashe min aiki. Tafin hannunta duk ya yi bororo saboda shebur.

Abin da ya kamata in yi na sani sarai. In tone, in liƙe, in auna. Ko aƙalla in zura hannu in ji. Ban yi ko ɗaya ba. Jikina a mace yake, zuciyata ba ta wurin, kuma na kasa duban matar nan in ce mata wahalar banza ta sha. Na cire buhun na ɗora na ashirin da biyar, na ce wa kaina ƙasa za ta riƙe. Tun daga ranar, duk sanda aka yi ruwa mai yawa sai na je na tsaya a wurin ina duba ko ƙasa ta lotsa. Ban taɓa gaya mata ba, ban taɓa gaya wa kowa ba. Gidaje ɗarin da nake miki alfahari da su, saboda wannan haɗin ɗaya ne nake duba nasu sau biyu-biyu. Da mai sanduna ya shimfiɗa hannunsa a iska, ba ƙarya ce ta ba ni haushi ba, tsoro ne ya kama ni kada ya zama ya canka.

Jiya na kira Babba ɗakina na faɗa masa da bakina cewa laifina ne, a tone duka. Ya ɗauki littafi, ya riƙe biro ya daɗe, sannan ya rubuta, "Ba komai, Baba, tsufa ne." Bai gane ba. Lokacin shekarata talatin da huɗu. Masu tono za su zo Litinin. Na ce ranar a kira mai sanduna, in ba shi haƙuri a gaban waɗanda suka ga na harare shi.

Kin yi aikinki daidai, kin kuma gaya min tun farko. Ba sai kin aiko da hoton ba, ba na son gani.

Kawunki

*

Kawu,

Na ba direbanmu wannan hannu da hannu, na ce kada ya bar ƙofar gidan sai ya ga ka buɗe. Lafiyarmu ƙalau, ina fatan taka ma haka. Shirun ba na tausayi ba ne. An tura mu wani gari ne duba bututun wata makaranta, jiya na dawo na tarar da takardarka a kan teburina. Na karanta na zauna a kan matakala, na daɗe ban tashi ba. Laifina ne. Na rubuta maka lamba, ban rubuta daga ina aka fara ƙirga ba.

Kai daga titi kake ƙirgawa, don magini daga gangare yake farawa ya hauro. Ni kuwa kyamarata ta ramin bayan banɗaki ta shiga, daga can take nata ƙirgan. Mita goma sha huɗu nawa ba naka ba ne. Nawa ya faɗa kan bututunka na goma, kusa da ƙofar gida. Ka ɗauki sandarka ka je wurin ka ga abin da ke tsaye a kai.

Hoto na ɗaya ke nan. Ƙafar rumfar mota ce, wadda Yaya Babba ya kafa. Rodin da aka buga a gindinta don ta tsaya da kyau ya huda bututun ta sama, ya sauka har tsakiya. Duk tsumma da gashin da ruwa ya ɗauko a nan suke rataya. Sandunan mai famfo suna ture tarin su wuce ta gefe, rodin yana nan daram, bayan sati uku ya sake tarawa. Akwai na'urar da nake bi da ita ta saman ƙasa, mai jin inda kyamara take, ta yi ƙara a gindin ƙafar rumfar daidai. Na tambayi matar Yaya yaushe aka kafa rumfar, kamar hira kawai nake. Ta ce sati biyu kafin toshewar farko. Bututu ɗaya za a canja, a rami ɗaya da bai fi faɗin tabarma ba.

Hoto na biyu na gangara ne. Na tura kyamara mita ashirin, ba ta nutse ko sau ɗaya ba. Ruwan yana tafiya siriri a tsakiya kamar an ja shi da zare. Na shiga bututu sun fi dubu, har na roba da aka sa bara na gani sun yi ciki. Yau da safe na nuna wa shugabana faifan bidiyon da kyamarar ta ɗauka, ya ce a mayar baya, ya kira sauran ma'aikata. Da lambobinka suka riƙa wucewa ta sama, talatin da uku, talatin da biyu, talatin da ɗaya, kowa ya matso kusa da allon. Shugaban ya tambaya wane kamfani ne ya yi wannan. Na ce kawuna ne. Tunda na fara aikin nan ban faɗi maganar da ta yi min daɗi a baki kamar wannan ba.

Yanzu na ashirin da huɗu, hoto na uku. Ka zauna kafin ka juya shi. Ba shi da lamba, gaskiya ne. Amma a liƙe yake, Kawu. An liƙe shi, an shafe simintin ta ciki, kuma in za ka yarda da mai leƙen masai, ya fi na ashirin da uku da na ashirin da biyar santsi, don hannun da ya shafe shi ya fi naka siranta. A inda lamba ya kamata ta kasance akwai shaidar yatsu huɗu na kwalta, an danna su a sama. Ƙaramin ya karkace waje. Abin da na so in tambaye ka ke nan, ko da yake na riga na sani. Duk hutun da na yi a gidanku ina ƙarama, da wannan karkataccen yatsan ne Inna take tallafe min haɓa tana wanke min fuska.

Na kira Yaya Babba na ce masa a sallami masu tono kawai, sauran bayani yana wurinka. Hoto na ɗaya yana hannunka. Yadda za ka yi da shi, kai ka sani.

Taka,
Tsinke

*

'Yata,

Bayan gaisuwa mai yawa gare ki da maigidanki da yaran da uwarki. Muna lafiya. Direbanki ya cika umarni, ya tsaya a kaina kamar ɗan sanda har na buɗe.

Zan fara da na goma, don shi ne mai sauƙi. Ba zan ɓoye miki ba, da na ga rodin nan sai ga ni a tsaye, gwiwa ba ta ce uffan ba. Na yi niyyar tara maƙwabta da mai sanduna da jikoki, in shimfiɗa tafin hannuna a iska yadda aka yi min. Har na sa hula. Sai na tuna yadda yaran suka juyo suka dube ni ran nan, na ji ba na son su dubi ubansu haka. Na cire hular. Na kira Babba ɗaki, na rufe ƙofa, na miƙa masa hoton. Ya daɗe yana kallo. Ya miƙo hannu yana neman littafi, na hana shi. Na ce wannan ba sai an rubuta ba, je ka ɗauko diga.

Mu biyu muka yi, shi a rami, ni a kan kujera ina nuna masa da sanda. Na ba shi kwalta ya rubuta goma a cikin sabon bututun. Haɗin ma shi ya liƙe, sau biyu ina sa shi ya fasa ya sake, na uku ya yi. Na ce a raina wannan ne karo na farko da wani ya taɓa min aiki, sai na tuna ashe na biyu ne. Da muka gama ya karɓi littafina, ya nemo shafin nan mai maganar gangara, ya yage shi da hannunsa. Shi kuwa mai sanduna, na aika masa da hoton ruwan da ke tafiya siriri, ban haɗa masa da ko kalma ɗaya ba. Sati huɗu ke nan banɗakin baya bai yi gurnani ba.

Sai na ashirin da huɗu. Da na dawo daga binne mahaifina na ga yatsun Innarku baƙi ƙirin, sati guda kwaltar ba ta fita ba. Na tambaya, ta ce gwangwanin ta kawar daga ruwa. Na ce mata, wa ya ce ki taɓa min kaya? Abin da na ce mata ke nan, Tsinke. Duk kwanakin da take ajiye min ruwa daga nesa, ashe hannuna take kallo. Shekara talatin muka ƙara tare, ni ina ɓoye mata tsorona, ita tana ɓoye min aikinta, a ɗaki ɗaya. Ba ta faɗa ba don ta san da wanda take zaune. Na yi kuka, ba na jin kunyar rubutawa. Amma ba duka ne na baƙin ciki ba. Na sa gilashina na dubi haɗin nan da idon sana'a, na nemi aibu har na gaji. Magina biyu ne a gidan nan, kuma a bututun nan ba ni ne gwanin ba.

Na rubuta miki cewa ba na janye magana. Ki ɗauko waccan takardar ki soke layin. Na janye, ki gaya wa uwarki ma, tunda a gabanta na faɗa. Shekara takwas da rasuwar Innarku, ba wanda ya kawo min wani abu nata da ban taɓa gani ba, sai ke da idonki na bakin waya.

Saura roƙo, kuma wannan karon roƙo ne. Hoton da kika aiko ƙarami ne, idona ba ya ƙoshi. Ki bugo min babba, a sa masa gilashi. Na riga na buga ƙusa a falo, sama da kujerata. Matar Babba ta rubuta min a littafi, wai me za mu ce wa baƙi in sun tambaya hoton mene ne. Na ce a gaya musu gaskiya. Cikin bututun masai ne, aikin matata ne, kuma 'yata ce ta ɗauka.

Kawunki,
Magini